Abin da Wasan Harbi Ke Rasawa Idan Ya Baro Arked Ya Shigo Gida

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsofaffin wasannin harbi, irin waɗanda ake tuƙa ƙaramin jirgi ana ɓarin wuta ana kauce wa harsasai, masu gardama sukan ɗauko hoton wasan na asali daga injin arked, wato akwatin wasan shago da ake jefa wa kuɗi, su jera shi kusa da hoton sigar da aka yi wa na'urar gida, sannan su yanke hukunci da ido: wannan ya yi kama, wancan bai yi ba. Ni ban gamsu da wannan ma'auni ba. Hoton da ke tsaye ba ya nuna gudun harsashi, ba ya nuna faɗin gibin da jirgi zai kutsa ta ciki, kuma ba ya nuna ko jirgin yana amsa umarnin yatsa nan take ko sai ya yi jinkiri. Wasan harbi kuwa a kan waɗannan abubuwa uku aka gina shi, wato tazara da gudu da lokaci, saboda haka sigar gida tana iya rasa rabin launukanta ta kasance wasan nan dai da aka sani, wata kuma ta kwaikwayi kowane zane amma da zarar ka riƙe madanni ka ji cewa wani wasa ne dabam.

Dole ne a fara da fahimtar cewa injin arked da na'urar gida ba don manufa ɗaya aka ƙera su ba. Injin arked akwati ne mai tsayin mutum wanda ake jefa wa tsabar kuɗi, yen 100 a Japan ko senti 25 a Amurka, kuma allon lantarkin da ke cikinsa sau da yawa an tsara shi ne saboda wasa guda ko 'yan wasanni kaɗan. Mai shago ne ke sayensa da tsada domin ya mayar da kuɗinsa daga aljihun 'yan wasa, don haka kamfani ba ya jin nauyin cusa masa ma'adana mai yawa da masarrafi biyu ko uku. Na'urar gida kuwa dole ta yi arha har uba ya iya saya wa ɗansa, kuma dole ta ɗauki kowane irin wasa na tsawon shekaru ba tare da an canza mata komai ba. Wanda aka ba aikin mayar da wasan arked zuwa gida a shekarun 1980 ya san tun farko cewa sai ya zubar da wani abu, kuma gwanintarsa tana bayyana ne a wajen zaɓen abin da zai zubar.

Space Invaders na kamfanin Taito, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira a 1978, shi ne misali na farko da ya kamata a duba. A arked maƙiyan su 55 ne, sahu biyar kowanne da goma sha ɗaya. Na'urar gida ta Atari 2600, wadda ma'ajiyar aikinta bait 128 ce kacal, tana da abubuwa masu siffa guda biyu ne da take iya motsawa, kuma kowanne ana iya maimaita shi har sau uku a layi guda, shi ya sa sigar da Rick Maurer ya rubuta a 1980 ta zo da maƙiya 36, shida a kowane sahu. Siffofinsu ba su yi kama da na asali ba, sautin ma ya bambanta. Amma Maurer ya riƙe abin da ya sa mutane ke zuba kuɗi a akwatin, wato yadda rundunar ke ƙara sauri yayin da take raguwa har na ƙarshe ya riƙa tsere kamar zai fice daga allo, ya kuma ƙara salo 112 na buga wasan. Wannan kaset shi ne ya ninka cinikin na'urar sau huɗu, kuma har yau idan aka kunna shi zuciya tana bugawa a daidai wurin da take bugawa a na asali. Abin lura shi ne wannan ƙarin sauri a arked ya samo asali ne daga iyakar injin, domin maƙiyi ɗaya yake matsarwa a kowane zagaye na sabunta hoto, Nishikado ya ga abin ya yi daɗi ya bar shi. Ke nan tun daga wasan farko, raunin inji ya shiga cikin jinin wasan, kuma wannan batu zai sake tasowa a gaba.

Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a 1983, tana da wata iyaka da ta fi damun wasan harbi fiye da kowane irin wasa. Tana iya nuna ƙananan hotuna masu motsi 64 a allo, amma takwas kawai a kan layi guda na kwance. Idan na tara ya shigo layin, to ɗaya zai ɓace, sai masu tsara wasa suka riƙa juya jerin a kowane zagaye domin kowa ya bayyana ya ɓace bi da bi, abin da ke haifar da ƙiftawar nan da duk wanda ya buga na'urar ya sani. A wasan tsalle-tsalle ƙiftawa ado kawai take ɓatawa. A wasan da jirgi ke tafiya daga hagu zuwa dama, inda jirginka da harsasanka da na maƙiya duk suke jeruwa a layi ɗaya, abin da ya ɓace yana iya zama harsashin da zai kashe ka.

Da wannan ido ya kamata a kalli Gradius na Konami, wanda ya fito a arked a 1985 ya zo Famicom a 1986. A arked jirgin yana iya tara 'yan rakiya huɗu, ƙwallayen wuta da ke bin sawunsa suna harba duk abin da ya harba, kuma makaminsa na leza dogon zare ne da ke ratsa allo. A Famicom an rage 'yan rakiyar zuwa biyu, an kuma gajarta lezar ta koma guntaye. Mai kwatanta hotuna zai ce an yi asara, ni kuwa ina ganin wannan shi ne hukuncin da ya ceci wasan, domin da an nace a kan huɗu da doguwar leza, da layin ya cika da kayan ɗan wasa har harsasan maƙiya su daina bayyana. Kazuhisa Hashimoto, wanda ya yi aikin, ya ga wasan ya yi masa wuya wajen gwaji, sai ya saka sirrin nan na sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, domin ya samu makamai nan take, aka kuma bar shi a cikin kaset ɗin da aka sayar. Bayan shekara biyu, da Konami ta ƙware a na'urar ta kuma fara saka ƙarin guntun lantarki nata a cikin kaset, Gradius II na Famicom ya dawo da 'yan rakiya huɗu.

Kamfanin Capcom ya bar mana darasi biyu a jere. Sigar Famicom ta wasan da ake kira 1942, wadda aka ba wani kamfanin kwangila mai suna Micronics a 1985, ta bi tsarin na arked sau da ƙafa, amma motsinta yana tsinkewa, sautinta kuma ƙara ce mai huda kunne. Sigar wasan da ya biyo shi, mai suna 1943, wadda ta fito a 1988, ba ta yi yunƙurin zama kwafi ba: an saka mata tsarin raba maki tsakanin ƙarfin hari da ƙarfin kariya da yawan makamashi, an ba ta kalmar sirri ta ci gaba, an sake tsara ta domin wanda zai zauna a ɗaki ya yi sa'o'i. Ta fi nisa da asalinta, ta kuma fi 1942 kyau nesa ba kusa ba. Haka Capcom ta sake yi da Area 88 a Super Famicom, magajiyar Famicom, a 1991, wanda aka sani da U.N. Squadron a Turai da Amurka, inda ɗan wasa ke zaɓen fagen da zai kai wa hari ya kuma sayi jirage da kuɗin da ya tara. Irin waɗannan ba na auna su da mizanin kwafi, domin ba su yi alkawarin zama kwafi ba.

Wanda na fi son a tsaya a kansa shi ne R-Type na kamfanin Irem, na 1987, saboda wasa ne da ake haddacewa. Kowane maƙiyi yana fitowa a wurinsa da lokacinsa, bango yana matse ka, kuma rayuwarka ta dogara ne da inda ka liƙa garkuwar nan da ake kira Force, gaba ko baya. Allon arked ɗinsa ɗigo 384 ne a faɗi da 256 a tsaye, wanda ya wuce abin da talabijin ɗin gida da na'urorin lokacin ke nunawa. Da Hudson Soft ta kawo shi na'urar gida ta PC Engine a 1988, ta ƙi ƙanƙantar da zanen, ta zaɓi allon ya riƙa ɗan gangarawa sama ko ƙasa gwargwadon inda jirgi ya nufa, ta yadda girman jirgi da girman ramukan da zai bi suka tsaya kusa da yadda suke. Farashin wannan zaɓi shi ne wani lokaci akwai abin da ke saman allo ko ƙasansa wanda ba ka gani sai ka matsa. Sannan katin wasan na lokacin bai iya ɗaukar matakai takwas ba, sai aka raba shi gida biyu a Japan, huɗu a katin farko huɗu a na biyu, da kalmar sirri da ke ɗaukar makamanka daga wannan zuwa wancan, kafin a haɗa shi a kati guda domin kasuwar Amurka. Akwai ƙiftawa, musamman wajen manyan maƙiyan ƙarshen mataki. Duk da haka wanda ya haddace hanyarsa a arked zai iya bin ta a nan kusan ba gyara, kuma wannan shi ne gwajin da nake ɗauka da muhimmanci fiye da kowanne: shin ilimin da ka sha wuya ka tara a can yana aiki a nan? Sigar Master System ta Sega, wadda kamfanin Compile ya yi a shekarar, ta fi ƙiftawa kuma launukanta sun fi ƙaranci, amma ita ma ta riƙe tsarin matakan har ta ƙara wani ɓoyayyen mataki nata.

Wasannin da jirgi ke hawa sama suna da wata matsalar da ba ta da alaƙa da ƙarfin inji. A arked ana kafa musu allo a tsaye, tsawonsa ya fi faɗinsa, domin ɗan wasa ya hango maƙiyi tun daga nesa. Talabijin ɗin gida kuwa a kwance yake. Hanya mafi tsabta ita ce a yanke wani yanki a gefe a zuba maki da adadin rayuka a ciki, kamar yadda Namco ta yi wa Galaga a Famicom a 1985, kuma kamar yadda aka yi wa Truxton na kamfanin Toaplan a Mega Drive ta Sega a 1989. Wannan yana gyara siffar fili, amma ba ya mayar da tsawon da aka rasa, domin layukan talabijin ba su kai yawan na allon tsaye ba. Sakamakon shi ne maƙiyi yana bayyana kusa da kai fiye da yadda aka tsara, harsashinsa yana iso ka da wuri, sai dai idan mai aikin ya zauna ya rage gudun harsasan ya kuma sake jera maƙiyan daidai da sabon filin. Toaplan da kanta ta yi wasu daga cikin sigoginta na Mega Drive, kuma ana jin hannun masu wasan a ciki, ga shi masarrafin na'urar, Motorola 68000, dangi ɗaya ne da wanda ke cikin injinan arked da yawa na zamanin. Raiden na Seibu Kaihatsu, na 1990, bai yi irin wannan sa'a a Super Famicom ba, inda ya fito a daddafe, motsinsa ba santsi. Sai a 1995, da The Raiden Project ya fito a PlayStation, aka ba ɗan wasa damar ya kwantar da talabijin ɗinsa a gefe ya samu allon tsaye na gaskiya, abin da masu tsofaffin talabijin masu ƙwai suka riƙa yi da fargaba saboda launuka kan jirkice idan aka juya su. Darius na Taito kuwa, wanda a arked allo uku aka jera masa a kwance, babu dabarar da za ta shigar da shi talabijin guda, don haka kowace sigarsa ta gida ta zamanin sabon gini ce a kan tsohon tushe.

Sai batun saiɓi, wato yadda wasa ke rage gudu idan allo ya cika, wanda a kansa ne ra'ayina ya fi saɓa wa na mutane da yawa. Gradius III ya fito a Super Famicom a ƙarshen 1990, jim kaɗan bayan fitowar na'urar, kuma ya yi ƙaurin suna wajen jan ƙafa. Masarrafin na'urar ba ya wuce megahaz 3.58, kaset ɗin farko-farko ma a 2.68 suke tafiya da shi, saboda haka da zarar allo ya cika, kamar a matakin kumfa inda kowane ƙwallo ke fashewa ya haifi ƙanana, sai komai ya koma tafiyar hawainiya. An daɗe ana kafa hujja da wannan a gardamar Sega da Nintendo. A 2019 wani ɗan ƙasar Brazil mai suna Vitor Vilela ya sake tsara wasan ya ɗora nauyin lissafinsa a kan guntun SA-1, wanda Nintendo ta riƙa sakawa a wasu kaset na baya, saiɓin ya tafi gaba ɗaya. Aiki ne na gwaninta, amma abin da ya fito fili shi ne wasan ya ƙara wuya sosai, domin wuraren da suka fi cunkoso su ne a da injin ke sassautawa ya ba ka sarari ka ga hanya. Masu tsara wasan sun gwada shi ne a kan na'urar da ke jan ƙafa, suka daidaita wuyarsa a kan haka, ko sun so ko ba su so ba. Na arked ɗin ma, wanda ya shahara da tsanani, yana da nasa saiɓin, shi ya sa da Konami ta kawo shi PlayStation 2 a 2000 ta saka zaɓin da ke mayar da jan ƙafar da gangan. Ba ina cewa kowane saiɓi alheri ne ba. Na Super R-Type na 1991 yana zuwa ne ya tafi ba zato, jirgi ya yi nauyi sannan ya fizge, ga shi an cire wuraren da ake farfaɗowa a tsakiyar mataki, mutuwa ɗaya ta mayar da kai farko. Bambancin yana ga ko saiɓin yana zuwa a wuri guda kullum har hannu ya saba da shi, ko kuwa yana yi maka kwanton ɓauna.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu ba mu san waɗannan wasanni ta injin arked ba, mun san su ne ta na'urorin kwaikwayon Famicom da ake shigowa da su daga Asiya, da kaset ɗin nan masu da'awar dubban wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa, da kuma Mega Drive a gidajen gem. Tsarin talabijin na Najeriya a lokacin PAL ne, mai sabunta hoto sau 50 a sakan, wasannin kuwa an rubuta su ne domin Japan da Amurka inda ake sabuntawa sau 60. Da yake wasannin zamanin suna ƙirga lokaci ne da sabuntawar hoto, duk wanda ba a gyara ba yana tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari a na'urar PAL, har kiɗansa ma yakan ja. Wanda ya girma da Galaxian ko 1942 a irin wannan na'ura, ya zo ya buga su yau a kan gudunsu na asali, zai ga kamar an ƙara musu wuta, alhali abin da ya saba da shi ne aka rage. Ko tsakanin arked da talabijin ɗin Japan ma lissafin ba ya daidaita koyaushe, domin injin R-Type yana sabunta hoto kusan sau 55 ne a sakan.

Daga 1990 zuwa sama gibin ya fara rufewa, amma ta hanyar da ta sauya ma'anar tambayar. Neo Geo ta kamfanin SNK inji ɗaya ne a gida da arked, don haka babu abin da za a zubar, sai dai kuɗinta ya kai dala 650 a Amurka, ban da tsadar kaset. Sega Saturn ta 1994 tana da ɗan'uwa a arked mai suna ST-V, shi ya sa Radiant Silvergun na kamfanin Treasure ya sauka gida a 1998 cikakke har da ƙari, kamar yadda Ikaruga ya sauko daga injin arked na NAOMI zuwa Dreamcast ta Sega a 2002. Layer Section na 1995, Darius Gaiden na shekarar, da Battle Garegga na 1998 duk sun sa Saturn ta zama gidan masu son wannan fanni. Sai dai da hotuna suka daidaita, masu wasa suka koma duba abin da ido ba ya kamawa da sauri. DoDonPachi na kamfanin Cave, na 1997, ya fito a Saturn a shekarar ya kuma fito a PlayStation a 1998. Na Saturn yana da ƙarin mataki da zaɓuɓɓuka masu yawa, amma fashewar abubuwa a cikinsa ta yi kaushi, kuma jan ƙafarsa bai dace da na arked ba. A wasan da maki ke dogara da harbo maƙiya a jere ba tare da sarƙar ta tsinke ba, sauyin gudu kaɗan ya isa ya rusa hanyar da mutum ya yi watanni yana gogewa, saboda haka masu neman maki suka fi karkata ga na PlayStation duk da cewa kayan cikinsa sun fi ƙaranci.

Tarin tsofaffin wasannin da ake sayarwa a na'urorin yau galibi suna gudanar da ainihin manhajar arked ne ta hanyar kwaikwayon injin, don haka zane da jerin maƙiya ba sa kuskure. Inda suke faɗuwa shi ne jinkiri tsakanin danna madanni da motsin jirgi. Sabuntawar hoto guda tana ɗaukar kusan kashi 17 cikin dubu na sakan, kuma idan manhajar kwaikwayo ta ci uku ko huɗu, talabijin na zamani ya ƙara nasa, to jirgin da a da yake manne da yatsa zai koma kamar ana jan sa da igiya. Kamfanin M2 na Japan ya yi suna ne saboda yana auna wannan jinkiri yana kuma kwaikwayon saiɓin injin asali, kamar yadda ya yi da Battle Garegga a PlayStation 4 a 2016. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin tarin zamani mai jinkiri da R-Type na PC Engine a kan tsohon talabijin mai ƙwai, da ƙiftawarsa da allonsa mai gangarawa, na biyun zan kunna.